Albasar Da Ba Ta Wuce Lahadi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Fabrairun 1985, Allah Ya karɓi ran Hajiya Zinariya, matar Alhaji Shu'aibu mai albasa na kasuwar Katako, a gidanta da ke nan Yamai, bayan zazzaɓi mai zafi da bai daɗe ba. Ina cikin aji da alli a hannuna ɗiyarta Balki ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Da na ga fuskarta na gane. Na ajiye allin, na ce wa yara su ci gaba da kwafe abin da ke kan allo, na bi ta.

Yaya Zinariya, mutane da yawa sun faɗi alherinki a wurin zaman makoki. An ambaci marayun da kika riƙa, an ambaci tukunyar da kika ɗora wa mutanen da fari ya koro daga arewa. Duk gaskiya ne. Ni Tabawa ban buɗe baki a wurin ba, don nawa labarin na 'yar kwalba ce, kuma na ji nauyin faɗinsa a gaban jama'a. Kwalbar tana ɗakina yanzu haka. Taki ce, aro kika ba ni, ban kuma san wanda zai zo karɓarta ba.

Kin san yadda abin ya fara. Shekaru kaɗan bayan soja sun karɓi mulki, wasu mutane suka zo da mota suka tafi da maigidana Lawali, suka ce tambayoyi kawai za a yi masa. Har yau ba wanda ya faɗa mini laifinsa. Aka karɓe gidan aikinsa da muke zaune a ciki a Filato, na kama ɗaki da falo a Gudel, kusa da masu lambu. Allah bai ba mu haihuwa ba, dangina kuwa suna can Damagaram. Matan da muke anko da su, waɗanda ba a suna ko biki sai da ni, suka koma ba su san hanyar gidana ba. Idan muka haɗu a kasuwa sai su duƙufa wajen tayin tumatir. Na yi fushi da su a lokacin. Yanzu na rage, don wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, dole ya shafa wa nasa ruwa.

Ke kuwa ba mu da wata shaƙuwa. Uwar ɗalibata ce ke kawai, na koyar da Balki a lakwal, makarantar boko, muna gaisawa a bakin ƙofa. Sai ga ki wata Lahadi da la'asar, an biyo ki da rabin buhun shinkafa. Na gode miki, na ce a mayar. Ni ɗiyar Damagaram, ma'aikaciyar gwamnati, a kawo mini sadaka? Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, "Madam, girman kai rawanin tsiya ne hwa." Na ce ko ma mene ne, ni ke ɗauke da shi. Kika tafi da shinkafarki, na tabbata ba zan sake ganinki ba, na rufe ƙofa na sha kukana.

Lahadin da ta biyo baya sai ga ki ke kaɗai. Kika kwance bakin zanenki, kika fito da wata 'yar kwalbar mutardi, wani mahaɗin abincin Turawa, irin wadda kukunsu ke sayarwa idan ta ƙare. A cikinta albasa ce an yanka zobe-zobe, tana jiƙe cikin ruwa, ta yi ja mai haske kamar an rina ta.

"Ba kyauta ba ce, kada ki taso mini," kika ce. "Ɗanɗana mini za ki yi, an ce mutanen Damagaram sun san baki. Kwalba kuwa aro ce. Wagga aba ba ta wuce Lahadi, in ta kwana takwas ta ɓaci. Ina tahowa in amshi kwalbata."

Ban taɓa ganin albasa mai tsami ba. Mu gabu muka sani, busasshen ganyen albasa na miya. Kin ce kin koya ne wurin wata 'yar Kwatano da kuka yi maƙwabtaka, don ganin yadda albasar Alhaji ke ruɓewa a buhu idan zafi ya yi. Da kika fita na ɗauki zobe ɗaya na sa a baki. Tsami, gishiri, ɗan yaji a ƙarshe, ga ta da ƙaras-ƙaras kamar yanzu aka yanka. Na daɗe rabona da cin abinci in ji ɗanɗanonsa. A ranar na cinye ragowar tuwon da na yi niyyar zubar wa kajin maƙwabta.

Tun daga nan kowace Lahadi kina tafe. Ki kawo cikakkiya, ki karɓi wadda ta ƙare, kwalba biyu suna ta musanya tsakanin gidanki da nawa. In da saura a ciki, sai ki ce kada a yi asara, in ɗauko gari ko wake mu cinye tare. Da yake ba a mayar da kwanon mutum fanko, ni ma sai in sa miki wani abu: dabino, ƙuli-ƙuli, ko sukari. Wannan ne ya sa ban taɓa jin cewa taimakona ake yi ba. Akwai watan da albashi ya makara, na rasa abin sakawa, na jefa miki alli guda biyu. Kika yi ta dariya har da riƙe ciki, kika ce za ki kai wa Alhaji ya riƙa yi wa buhuna alama.

Ban manta ba cewa a shekarun nan zuwa gidana ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wani mutum da kan zauna a gindin bishiyar da ke kallon ƙofata, ba ya sayar da komai, ba ya jiran kowa. Sauran mutane idan sun hango shi sai su sauya hanya. Ke kuwa sai ki tsaya ki gaishe shi da Zabarmanci, "Fofo," ki ɗaga masa kwalbar ya gani, ki ce, "Albasa ce, ɗana, ko a ɗiba maka?" Na ce miki ki daina, kina da miji mai harka da gwamnati wajen takardun mota. Kika ce wanda zai kama mace saboda albasa, sai ya fara shirya wa hawayensa.

Na nemi ki koya mini, kika ƙi, sai da na dame ki sannan kika zo da kayan aiki tsakar gidana. Kika tafasa kwalba, kika kife ta a rana har ta bushe ƙayau. Kika zaɓi ƙananan albasa 'yan Galmi masu tauri, kika yanka, kika barbaɗa gishiri, kika bar su suka zubar da ruwansu, kika matse. Kika ɗora binegar, ruwan tsamin nan na kanti, a wuta da ɗan sukari, kanumfari, masoro da barkono guda biyu, kika juye shi da zafinsa har ya rufe albasar. Muna kallo launinta ya sauya. Kika gargaɗe ni kada in sa hannu ko jiƙaƙƙen cokali a ciki. Na gwada ni kaɗai bayan kin tafi, na yi rowar binegar na ƙara masa ruwa, kafin mako ya zagayo abin ya yi fumfuna. Da kika gani sai kika tafa hannu, kika ce, "Kin gani ko? Hannun alli ba shi yin wanga aiki. Bar mini kayana." Na bar miki, na kuma ƙara gaskata maganarki cewa abin ba ya daɗewa.

Da aka sako Lawali ya dawo da tari da shiru. Ba ya son ganin mutane, abinci ma sai an yi fama. Albasarki kaɗai yake tambaya. Yakan ce, "Yau ba Lahadi ba ce?" Bai shekara ba ya rasu. Cikin takabata, 'yan gaisuwa suka yi kwana uku suka watse, ke ce ba ki fasa ba. Na sha kwana ban yi magana da kowa ba in ban da Allah, daga Litinin har Asabar, amma na san ranar Lahadi da la'asar zan ji ƙarar takalminki da sallamarki mai tsawo.

Farin bara kuwa kowa ya san yadda ya yi mana. Gero ya ɓace a kasuwa, muka koma cin jar dawar agaji, wadda tuwonta ke tsayawa a maƙogwaro. Kogi ya janye har yara na wasa inda jiragen masunta ke wucewa a da. Masu lambun Gudel suna haƙa ramuka cikin yashi don su sami na ban-ruwa. Binegar ya yi tsada, kika koma lemun tsami. Gidanki cike da baƙi daga Tawa, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, kina dafa musu safe da yamma. Na ce miki ki huta da zuwa, Gudel da nisa, kuɗin taksi ma wani abu ne. Kika ce, "To wa zai amso mini kwalbata?"

Lahadin ƙarshe kin zo jikinki da ɗumi. Kin zauna a tabarma kin jingina da bango, ba ki ci komai ba. Na raka ki har bakin titi, kina yi mini tsiya wai na tsufa ban iya ɗaurin kallabi ba. Shi ke nan ganina da ke.

Ranar sadakar uku, abinci ya yi ƙaranci, Balki ta ja ni zuwa ɗakin ajiyarki mu ɗebo abin da za a haɗa wa baƙi. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Sai na ga manyan kwalabe jere a kan katako, kowace ta kai tsawon damtse, cike da albasar nan. Na riƙe baki, na ce, "Balki, wannan duka? Ai kafin Lahadi sun lalace."

Ta juyo ta dube ni. Idanunta sun kumbura don kuka, amma sai da dariya ta kuɓuce mata.

"Madam, wasu tun kafin sallar layya Inna ta yi su. In tsami ya ji, aka ruhe da kyau, watanni suke yi."

Na ce, "A'a, ita da bakinta ta ce mini ba ta wuce Lahadi."

"Ta hana mu gaya miki. Ta ce in kinka sani, za ki ce a kawo miki babba guda, ki ruhe ƙoharki. Shi ya sa ta zaɓi ƙaramar."

Na zauna a kan wani buhu da ke wurin. Na yi kukan da ban yi ba ranar Talata. Shekara tara, Yaya, kina ratsa garin nan da 'yar kwalba a bakin zane, kina yi mini ƙarya ido da ido, ni kuma da ilimina ina gyaɗa kai. Kin san halina fiye da yadda na san kaina. Da kin ce kin zo duba ni ne, da na ce lafiyata ƙalau, ki daina wahala. An ce zumunta a ƙafa take, ke kuwa sai da kika nemo wa ƙafarki hujjar da ba zan iya korarta ba.

Balki ta ce in ɗauki babba guda in tafi da ita. Na ce mata a'a, akwai saura a wurina. Yarinyar kirki ce, ta yi alkawarin za ta riƙa leƙo ni, na kuma san da gaske take. Amma gidan mijinta yana Saga, ga goyo, ga mahaifinta da ya zama abin tausayi. Ba zan ɗora mata abin da ke kaɗai kika iya ɗauka ba.

Jiya Lahadi ce, ta biyu ba ke. Da la'asar na tsinci kaina na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma a inda kike zama, na ware dabinon da zan sa miki. Na zauna har masu lambu suka fara wucewa gida da bokitansu. Sannan na ɗauko kwalbar, na goge cokali ya bushe kamar yadda kika koya mini, na ɗebo zobe ɗaya. Tana nan da tsaminta da ƙaras-ƙaras ɗinta, ko alamar lalacewa babu. Wallahi da na tarar ta ɓaci da na fi samun sauƙi. Na mayar da murfin, na naɗe tabarmar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Shu'aibu, da Balki da ƙannenta, da 'yan'uwa na Tawa da Galmi, da duk wanda ya taɓa cin abincin hannunta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Zinariya, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ba ta bar ni ni kaɗai ba a lokacin da kowa ya bar ni, kada Ka bar ta ita kaɗai a inda take kwance. Ƙaryar nan guda ɗaya da ta yi mini, ni na yafe, ina kuma roƙon Ka sa mata ita a ma'aunin alheri. Amin.

Yaya, kwalbarki tana nan, ban taɓa riƙe miki ita ta wuce mako ba sai wannan karon.