Ranar da Baba Ya Kasa Zana Akwati

Jiya na ga wani dattijo a Tarauni yana zana aska a gaban babbar riga, sai Baba ya faɗo mini a rai. Sana'arsa ke nan a zaurenmu na Gyaɗi-Gyaɗi, kullum yatsunsa da tabon tawada.

A shekarunsa na saba'in, da ya fara ɓata tsakanin masallaci da gida, na kai shi asibiti. Likita ya faɗa masa kalmomi uku ya riƙe, sannan ya zana akwati a takarda, ya ce, "Baba, yi mini irinsa."

Baba ya yi dariya, ya karɓi alƙalami. Layukan suka ƙi haɗuwa. Ya sake gwadawa, wani ya hau kan wani. Kalmomin ma ko ɗaya bai tuna ba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, sai dai haƙuri.

A hanya ya damƙe hannuna, ya ce, "Ɗan nan, kada ka faɗa wa mahaifiyarka." Ita kuwa ta daɗe da rasuwa. Na ce, "To, Baba."

Allah ya jiƙansa, ya haɗa su a Aljanna, ya sa da ganinta ya gane ta.