Ranar da Jabir ya raba suwic

Abdurra'uf Labbo da gyaran rediyo ya fara, a rumfar mahaifinsa da ke bakin kasuwar Isa. Daga rediyo ya koma waya, daga waya ya koma intanet. Shi ya fara ɗora farantin kamo intanet a saman shago, ya sayo suwic a Sakkwato, akwatin nan mai ramuka da ake soka wayoyin kwamfuta, ya ja layi zuwa maƙwabta: mai kemis, masu POS, da Hajiya Larai mai buga takardu. Ba wanda ya koya masa. Kowa Injiniya yake ce masa, shi kuwa har tafiyarsa ta sake.

Aibin aikin ɗaya ne, duk wanda ke kan suwic ɗin yana ganin kowa. Ran nan hoton kyamarar kemis ya bayyana a kwamfutar Hajiya, gobe firintarta ta fitar da takardun wani. Abdurra'uf sai ya zare waya ya mayar, ya ce zafi ne.

Ana nan sai Jabir, ɗan baffansa na Sabon Birni, ya gama karatu ya zo gaisuwa. A gabansa Hajiya ta kawo ƙorafi.

Jabir ya ce, "Yaya, ai suwic ɗin ga shina rabuwa gida-gida. VLAN aka ce mishi. Kowane shago da lambarshi da ramukanshi, ba mai leƙen wani, kuma duk su samu intanet."

"Na sani," in ji Abdurra'uf. Bai taɓa jin kalmar ba.

Jabir ya jona laftof, ya ba kemis lamba goma, masu POS ashirin, Hajiya talatin, ya ware rami guda ya ɗauke su duka zuwa faranti. Kafin la'asar ya gama. Hajiya ta aiko masa da fura. Mai kemis ya nemi lambar wayarsa, Abdurra'uf na tsaye.

Da dare Abdurra'uf ya zauna cin abinci, tuwo ya ƙi shiga. Matarsa Hadiyya ta ce, "Malam, mi ya same ka?"

"Yaron da ni na koya ma riƙon sukuddireba! Za ni goge aikin nan in yi nawa."

Da safe ya danna maɓalli ya goge komai. Layin duk ya mutu, ranar kasuwa kuwa. Masu POS suka cika ƙofar shago, wani yana cewa a kira Jabir. Wannan kalma ta fi zagi yi masa ciwo. Ya ce tsawa ce ta taɓa akwatin, ya rufe ƙofa, ya zauna da bidiyon koyarwa a wayarsa yana gwadawa yana ɓatawa. Sai da kasuwa ta kusa zagayowa layin ya dawo, a rabe yadda ya kamata. Masu POS biyu dai sun riga sun bar shi.

Yanzu Abdurra'uf na hawa babur har Kurawa da Burkusuma yana yi wa mutane aikin raba suwic, kuma ya ƙware. Jabir ya samu aiki a Sakkwato. Da Sallah ya zo, ya duba akwatin, ya ce, "Wallahi Yaya, wanga ya fi nawa tsari."

Abdurra'uf ya ce madalla. Amma har Jabir ya hau mota yana juya maganar a ransa, yana neman inda ba'ar take.