Faifan da Ya Yi Damina a Rumbu

A ƙauyen su Malam Sha'aban, gabas da Minjibir, gona manne take da gona, in ka yi taku biyu ba lura sai ka tsinci kanka cikin gyaɗar maƙwabci. Shi ya sa shekara goma sha huɗu da suka wuce ƙungiyar manoma ta bi dattawa gona-gona, tana ɗaukar muryar kowa yana faɗin iyakarsa a gaban maƙwabtansa. Aka zuba muryoyin a wata na'ura da ake kira saba, aka ajiye ta a ɗan ɗaki bayan ofis, aka damƙa wa Sha'aban makulli.

Ba don boko aka zaɓe shi ba, firamare ma da ƙyar ya gama. Tsantseni ne da shi har ya kai ga ban haushi. Ba ya shuka iri sai ya jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma ya ga nawa suka tsiro, ko da irin daga rumbunsa ya fito. Haka ya riƙi saba. Kullum sai ya goge ta, ya zagaye ƙafafun teburinta da toka saboda tururuwa, har abokansa suka sa mata suna saniyar Sha'aban. Bai taɓa jin haushi ba, don yawancin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya. Cikinsu har da yayansa Iliyasu, wanda ya bar wa matarsa Asama'u da 'ya'yanta gona ɗaya tak. Duk lokacin sharar gona sai wani maƙwabci ya ɗan gusa kunya guda, a je ofis a kunna muryar marigayi, magana ta mutu.

Bana saniyar ta tsufa, fankarta na gurnani, tana mutuwa ba dalili. Tsakiyar damina ƙungiya ta ɗauko wata injiniya daga Rijiyar Zaki, Aina'u. Ta yi masa bayani cikin ladabi, ta ce za ta kwashe duk abin da ke cikin na'urar ta ƙunshe a abin da suke kira kwantena, wanda ba ƙarfe ba ne, wuri ne keɓaɓɓe cikin wata babbar na'ura a birni, kamar buhunka a siton haya. Daga nan ko ta waya za a iya sauraro. Tsohuwar kuwa a goge duk abin da ke cikinta tas, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauka.

Kafin la'asar ta gama, ta nuna masa allo, komai ya yi kore, alamar an kwashe lafiya. Hadari na haɗuwa, tana so ta kama motar Kano. Har ta kai hannu za ta goge tsohuwar, Sha'aban ya yi gyaran murya ya ce ta yi masa haƙuri, yana so ya ji gonaki ashirin da kunnensa tukuna. Ta dubi agogo, ta dubi furfurarsa, ta zauna.

Goma sha ɗaya suka yi magana raɗau. Ta goma sha biyu ta Iliyasu ce, ga suna ga hoto, murya babu. Da suka kai ashirin, bakwai ne bebaye. Aina'u ta koma kan tsohuwar, can ma shiru. Tsoro ne ya kama Sha'aban sosai, ba na rasa aiki ba, na ranar da Asama'u za ta zo ofis ya rasa abin kunna mata.

Sai Aina'u ta leƙa bayan tebur, ta ɗago wata waya da ke reto ba komai a bakinta.

"Baba, me ake jonawa a nan?"

Ai sai ya tuna. Shekarun baya da cikin saba ya cika, wani mai gyara ya jona mata ɗan faifai kamar tafin hannu, ya ce wannan ajiya ce, a kula da shi. Shi kuwa Sha'aban a saninsa ajiya ba ta kwana wuri ɗaya da abin ci. Don haka da zarar an yi tsawar farko sai ya zare shi, ya sa a gwangwanin madara, ya cusa cikin damin irin gero a rumbu, sai kaka ya mayar. Da yake rigimar iyaka ba ta tashi da damina, ba wanda ya taɓa ganewa. Ashe ba kwafi ba ne, kusan rabin dattawan ƙauye ne ke yin damina a rumbunsa.

Ya hau keke ya ɗauko, kunya kamar ta kashe shi. Aina'u ta kakkaɓe ƙaiƙayi tana dariya, sannan ta nutsu ta ce faifan ba ya buɗuwa sai a jikin tsohuwar. Da ta goge ta, da shi ke nan. Ta kwashe muryoyin ta zuba a kwantena, motar Kano kuwa ta tafi ta bar ta, sai a gidan Sha'aban ta ci tuwo. Ashirin ba ta ishe shi ba wannan karon. Kwana huɗu ya yi yana saurare ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kashe saniyarsa da hannunsa.

Ranar Juma'a ya je gidan Asama'u da wayar ƙungiya. Tun da aka ɗauki muryar, farkonta kawai ake kunnawa a ofis, inda Iliyasu ke cewa daga gawo zuwa tsohuwar rijiya. Yau Sha'aban ya bar ta ta kai ƙarshe. Aka ji marigayin ya yi tari, ya ɗaga murya: "Asama'u, awakin nan za su shiga wake."

"To, Malam," in ji ta, har ta yunƙura za ta tashi.

Ta koma ta zauna a kan tabarma, ta ja mayafi ta share ido, ta ce ya sake kunnawa.