Giram Talatin da Biyun Don Hilarión

Duk wanda ya zauna a unguwar masu haƙar kuza ta bayan garin Oruro ya san Don Hilarión Choque, mai awon dutse. Mutum ne mai taurin kai, ko gaisuwa sai ya ga dama. A kawo masa dutse daga rami, ya daka, ya wanke, ya tace, ya ɗora a sikeli, sannan ya zauna lissafi. Cikin kowane giram ɗari da hamsin da ɗaya na tataccen gari, ɗari da sha tara ne ƙarfe. Talatin da biyun iskar oksijin ce da ta haɗe da shi, dole a cire ta. Lambar da ya rubuta kuwa ita ke sa kamfani ya bar rami a buɗe ko ya toshe shi.

Shekara ashirin bai taɓa ƙara ko ɗigo ba, sai ranar da ƙanensa Fermín ya shigo da dutsen raminsu, kunci cike da ganyen koka da masu haƙa ke taunawa don kashe gajiya. Kuzar ramin ta ja baya, kowa ya sani. In aka rufe, kamfani zai karɓe gidan da ya ba Fermín, ga 'ya'ya biyar.

"Yaya, wa zai bi bayanka ya duba? Iska ce fa kawai. Bar ta a ciki mana."

Hilarión ya zage shi tas, ya kore shi. Amma da ya zauna, hannunsa ya ƙi cire talatin da biyun nan. Lamba ta haura, rami ya tsira. Har rawa Fermín ya taka masa a bakin ƙofa.

Ramin nan kuwa babu mai ƙura kamarsa, kuma shekara huɗu Fermín ya ƙara a ciki yana shaƙa. Ya fito da tarin da ba ya jin magani, ko igiyar takalmi ba ya ɗaurewa sai ya huta. A zaune ya rasu, don kwanciya ta gagare shi, bai cika arba'in ba.

A kamfani ba wanda ya taɓa ganowa. Matar Fermín har yau godiya take wa Hilarión, wannan ya fi komai ci masa rai. Ya ajiye aiki, ya tafi da 'yan ƙarafan awo, giram talatin da biyu cif, suna aljihunsa kullum. Ranar ziyarar matattu, in jama'a sun kai burodi da furanni, shi ƙarafan nan yake jerawa a kan kabarin ƙanensa, ya zauna yana hawaye.

"Da na cire ta ranar nan, Fermín, da yanzu kana nan kana zagina."