Layi huɗu na Inna

Shekara shida na yi a biro, wato ofishin wata ƙungiyar farfaɗo da fako a ƙasar Keita. Ni ne mai kwamfuta, don babu wani. Matan ƙauyuka kan ɗauko duwatsu, su haƙa ramukan rabin-wata masu tare ruwa a kan tudun da ya mutu, in ƙasa ta farfaɗo sai a raba musu layukan ramukan su shuka gero. Rabon shi ne aikina. Na rubuta ɗan gajeren tsari da harshen kwamfuta na Python, a kan manhajar Linux da ke cikin tsohuwar kwamfutar biro. In na ba shi yawan layuka da yawan mata, sai ya fitar da takarda.

Tsohon samfurin harshen nan yana da wani hali: in ya yi rabo, ba ya gutsura abu. A wani ƙauye layi ashirin da takwas ne, mata takwas. Kowace ta samu uku, can ƙasan takardar kuma ya rubuta: ragowa, huɗu. Ban taɓa tambayar inda huɗun nan ke zuwa ba. Ina ruwana.

Wata bazara na ɗaure kwamfutar a bayan babur na kai ta Madawa, inda rezon intanet ke da ƙarfi, na sabunta Linux ɗin gaba ɗaya. Babu wanda ya sa ni. Ni dai ba na son a ce ina aiki da tsohon yayi. Sabon ya zo da sabon Python, ya ture tsohon gefe. Tsarina ya yi gardama a wuri biyu, na gyara, ya tashi. Na buga takardu na ba direba, ko dubawa ban yi ba.

Sabon harshen kuwa mai gaskiya ne har da wuce gona da iri. Ya ba kowace mace uku da rabi. Ragowa, sifiri.

Sai bayan ruwan shuka da kwana goma na je ƙauyen. Maigari ya yaba mini, ya ce bana takarda ta fito tsaf, sun kama igiya sun tsaga layuka biyu-biyu yadda ta ce. Muna zaune wata tsohuwa ta zo da sanda, ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe mu.

"Ɗana, kai ne mai takarda?"

Na ce ni ne, Inna.

"Bana ba ta rage komi ba?"

Na dubi maigari. Shi ya yi mini bayani. A garin, duk abin da rabo ya bari na wadda ba ta iya ɗaukar dutse ne kuma ba ta da mai ɗaukar mata. Ba a rubuta sunanta, don kada a kunyata ta. Shekara biyar tsohuwar nan ke shuka layi huɗun. Da takarda ta zo babu ragowa, matan suka yi tsammanin biro ne ya soke al'adar, kuma wa zai yi jayayya da takardar biro? Gero ya riga ya tsiro. Ba a tuge shukar wani.

Kunya ta kama ni ƙwarai, haushi kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Na fara yi mata bayanin sabon harshe da tsoho, da na ji abin da bakina ke faɗi na katse.

Ta ce, "Ba komi. Dama tambaya na zo yi." Ta dafa sanda ta tashi.

Da na koma biro, gyaran bai kai minti ɗaya ba: ɗan zane ɗaya na ƙara kusa da alamar rabo, / ta zama //. Na ji matan sun haɗa mata damman gero bayan girbi, amma Inna ba ta saba cin abin da ba ta noma ba. Kafin rani ya tsaya ta koma wurin ɗiyarta a wajen Buza.

Da shekara ta kewayo takarda ta fito daidai, ragowa huɗu. Wannan karon na kai ta da hannuna. Maigari ya karanta ya ninke. Matan ba su taɓa layi huɗun ba, ko Inna za ta dawo. Da na wuce ta wurin a watan girbi, ciyawa ce a ciki har gwiwa.