Gidan Zanzaro a Ramin Taya

Har na bar aikin gyaran jirgi ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a wata gona kusa da Kibiya ina leƙen cikin jirgin sama daga ƙasa ba.

Farkon dawowar mulkin farar hula ne, ina injiniyan wani Alhaji mai ƙaramin jirgi da filin sauka a gonarsa. Jirgin ya yi damina a rumfa. Ƙa'ida ita ce ba ya tashi sai na duba shi, amma Alhaji na saurin taron jam'iyya. Ina isowa daga Kano na tarar sun tashi.

Sai rediyon hannuna ya yi magana. Kyaftin ne, matuƙin. "Injiniya, jar fitilar gargaɗi ta kama. Wata taya ta ƙi kulluwa. Zan wuce ta kanka, duba min."

Irin wannan jirgi yakan naɗe tayoyinsa uku idan ya tashi. Wadda ba ta kullu ba lanƙwashewa take yi wajen sauka.

Jirgin na can kan duwatsun Rano, bai fi shirwa girma ba, sai Malam Ɗanjuma, mai gadin da ke wanke shi, ya ce a bayana, murya ƙasa-ƙasa, "Ta gaba ce."

Da ya wuce ta kanmu, ita ce kuwa, tana reto. Na waiwaya na dubi Malam Ɗanjuma.

Kyaftin ya gwada famfon hannu na sauke taya, ta ƙi. Ya yi ta zagaye har mai ya ragu, don gudun gobara. Manoma suka ajiye fartanya suna kallon sama. Dab da ƙasa ya kashe inji. Jirgin ya zo shiru, ya dira a kan tayoyin baya, sannan hancinsa ya kifa yana huɗar ƙasa kamar garma. Duka suka fito da ƙafafunsu, Alhaji na salati.

Da muka ɗaga hancin, na zura hannu a ramin tayar. Busasshen laka ne cushe a bakin makullin: gidan zanzaro, ƙarfe ya murƙushe shi, tsutsotsin ciki na motsi.

"Malam, ka san da shi?"

"Na sani, Injiniya. Iyalina tsohon ciki gare ta. Sau biyu muna binnewa. Kai ma ka san mai jiran haihuwa ba ya fasa wannan gida."

Bai rufe baki ba wani maƙwabcinsa ya iso a keke. "Ɗanjuma, ana nemanka a gida."

Bai tambayi dalili ba. Ya tattara ɓaraguzan lakan a hularsa, ya bi shi a ƙafa.

Gidan nasa na bayan shingen gonar. Muna aiki muna kasa kunne ko za mu ji guɗa. Har aka kira la'asar ba mu ji komai ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu: littafin kamfani zai gaya muku inda ƙarfe ke gajiya, ba zai gaya muku abin da mutum ke tsoron taɓawa ba. Tun ranar, kafin in shiga ƙarƙashin jirgi, sai na gaisa da mai wanke shi, na tambaye shi iyali, na kuma tsaya na ji amsar.