Irin Geron da Ya Jira Mai Takaba

Shekaru sun ɗan ja, amma ba na jin zan taɓa mantawa da bazarar da irin geronmu ya maƙale a cikin na'ura. Bazara ce mai zafi, irin wadda ruwan randa kan yi ɗumi tun kafin azahar, amma ni shekarar ta yi min daɗi. A cikinta ne matan ƙauyenmu, nan kusa da Ɗanzomo, suka naɗa ni shugabar ƙungiyarsu. Ba don na fi kowa ba ne, sai don na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye autana, ina iya rubuta suna in karanta shi.

Wata ƙungiyar taimakon manoma ce ta zo da shirin ba mata irin gero mai saurin nuna. Mun matsu da shi ƙwarai, domin a daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, tsohon irinmu ya tsaya bai cika ido ba. Suka ba ni wata waya mai faɗi kamar allo. Malamin gona na garin Sule Tankarkar ya zaunar da ni a gindin darbejiya ya yi min bayani, ya ce aikin hannu huɗu ne. Ni zan rubuta sunan kowace mace da girman gonarta in tura. Da na tura, aikin ya bar hannuna ya faɗa nasa, shi zai zo ya ga gonakin da idonsa ya amince. Daga nan manhajar da ke cikin wayar da kanta za ta miƙa wa wata Hajiya a ofishin Gumel, mai tantancewa. Sai ta sake shi zai sauka wurin mai sito, ya fito da buhuna. Ba mai tsallake wani, mai sito ma ba ya ganin komai sai an zo kansa. Na ce masa ai wannan miƙon ƙasa ne na ranar gini, hannu zuwa hannu. Ya yi dariya ya ce na gama karatun.

Ina kewar yammacin kwanakin nan. Mata su cika tsakar gidana, ina danna baƙi da yatsa ɗaya, su kuma suna gyara min. Wata tsohuwa da na tambayi girman gonarta ta ce in rubuta daga kuka zuwa tsohuwar rijiya. Na ce Inna, lamba take so. Ta ce to abar nan ba ta san garinmu ba. A ƙasan kowace takarda akwai gurbin ƙarin bayani, ni kuwa ban iya tura wa manya saƙo haka kawai ba, sai in rubuta gaisuwa da addu'a a wurin. Haka na yi tun lokacin rajistar ƙungiya, ba wanda ya hana ni.

A jikin kowane mataki akwai ɗan ɗigo. In mutum ya gama nasa ya zama kore, in ana jiransa ya zama rawaya. Nawa ya yi kore. Bayan mako guda na malamin gona ya yi kore. Na Hajiya ya yi rawaya, ya zauna a haka. Kullum da safe sai in hau jigawar bayan gari inda sabis ke kamawa, in duba in sauko. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, maza suka fara binne. Matan da ke zuwa hira suka koma zuwa tambaya, ni kuma ba ni da abin faɗa sai a yi haƙuri. Kowa ya san in ruwa ya sauka ba za a bar ƙasa ta bushe ba, tsohon irin nan za a zuba.

Ranar kasuwa na sami malamin gona na tambaye shi. Ya yi ƙasa da murya ya ce mijin Hajiya ya rasu, tana cikin takaba. Na yi salati, na yi wa mamacin addu'a, sannan a hankali na tambaya ko ba mai iya riƙe mata. Ya ce akwai, shugaban ofis yana iya mai da aikin kan sunan wani cikin ƙiftawar ido. Amma wa zai cire sunan mace daga aiki alhali ba a ma yi sadakar arba'in ba? Sai a ce an ci kujerarta tana cikin hawaye. Mataimakinta kuwa ita ta koya masa aiki, ya ce ba da shi ba. Sun bari sai an yi arba'in a je a same ta. Na lissafa a yatsuna, na ga arba'in ɗin nan bayan shuka za ta faɗo. Ban ga laifinsu ba. Da ni ce a ofishin, abin da zan yi ke nan.

Kwana biyu ina juya abin, sai na ce bari in je gaisuwa. Na yi wa kaina alkawari ba zan ambaci iri ba. Na ƙulla kuka da daddawa, ɗan acaba ya kai ni Sule Tankarkar, na shiga motar Gumel. Wayar tana cikin jakata, don ban saba barinta a gida ba.

Na same ta zaune a tabarma, ba kwalli ba ɗan kunne, carbi a hannu. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Na yi mata gaisuwa, na koma gefe. Ƙanwarta ta tambaye ni daga ina, na faɗi sunan ƙauyenmu. Sai Hajiya ta ɗago kai.

"Ke ce shugabar mata? Mai gaishe ni a gurbin ƙarin bayani?"

Kunya ta kama ni, na ce ni ce. Ta yi ɗan murmushi, ta ce duk ƙasar nan ni kaɗai ke tambayarta ya iyali a cikin takardar aiki. Sannan ta tambaye ni ko irin ya ishe mu. Na sunkuyar da kai na ce yana hanya.

"Wace hanyar? Ba ni wayar in gani."

Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallon ɗigon nan rawaya a jikin sunanta. Ashe tata wayar aikin tana can kulle a ofis, kuma duk zatonta tun ranar rasuwa aka ɗauke mata aikin. Ta fitar da sunana, ta sa nata da lambar sirrinta. Ba mu kaɗai ba ne. Ga matan wajen Gagarawa, ga na ƙauyukan Maigatari, duk sun jeru a bayanta suna jira. Hawaye suka zubo mata, na ji kamar in nutse don ni na jawo.

Ba ta amince da takardun a makance ba, ta ce ba ta da natsuwar duba su. Akwai wani wuri a manhajar da mutum ke naɗa wakili, nan ta shiga ta sa sunan mataimakinta, jerin nan duka ya tashi daga kanta ya koma kansa. Ta sa ƙanwarta ta kira shi. Ina jin muryarsa yana ta ba da haƙuri, yana cewa sun ga bai dace ba ne. Ta bari ya gama, ta ce masa:

"Takaba fita ta hana ni da ado, ba ta ce in tsare abincin mutane ba. Kun ji kunyata, kun bar ni da alhakin mata ban sani ba. Ka zauna ka duba su yau."

Kafin motarmu ta cika a tasha, ɗigon ya yi kore, aikin ya sauka wurin mai sito. Irin ya iso bayan kwana uku, ruwan farko ya riga shi da kwana ɗaya. Mata biyu sun riga sun zuba tsohon iri, ba su iya jira ba, har yau in na tuna su sai in ji ba daɗi. Sauranmu muka kama danshin.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta san an yi rasuwa ba. Sunan da aka ba ta shi za ta jira, ko da shekara ce. Mu da muka sani mu ne za mu yi magana. Kuma kara tana da kyau, amma in ba a tambayi wanda ake yi wa ita ba, sai a ɗora masa nauyin da bai san yana ɗauke da shi ba.

Washegarin ranar da na dawo daga Gumel, ina gama ɗumame na biya wa maƙwabciyata, wadda muka yi ajin yaƙi da jahilci tare, muka tafi wurin malamin gona. Na ce ya sa sunanta a matsayin wakiliyata. Tana ta noƙewa, wai ai ina nan da raina da lafiyata. Na ce mata duk ranar da ta ji wani abu ya same ni, ta fara tura aikin mata tukuna, sannan ta yafa mayafi ta zo min gaisuwa.